Gidan Sardauna da Ya Koma Rumbun Tarihi

In ka ga ɗalibin tarihi ya yi sammako daga Samaru, ya tsaya a Kwangila yana cigiyar motar Kaduna, wataƙila Gidan Arewa ya nufa. Gidan yana Kaduna, lamba 1 a titin Rabah, amma ragamarsa tana nan Zariya, a hannun Jami'ar Ahmadu Bello.

Nan ne mazaunin Firimiyan Jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Nan kuma sojojin Manjo Nzeogwu suka far masa cikin dare, wayewar garin Asabar 15 ga Janairun 1966, ana tsakiyar azumi. Suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. Allah ya jiƙansu da rahama.

A 1967 aka yanka Arewa gida shida. Jihohi za su iya raba motoci da kujeru, to tarihi fa, wa zai ɗauka? A 1970 aka mai da gidan cibiyar tattara tarihin Arewa, Farfesa Abdullahi Smith ya zama shugabanta na farko. Baturen Ingila ne da ya musulunta, shi ya kafa sashen tarihi a Samaru. A 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka danƙa wa jami'ar cibiyar.

Yawancin baƙi wajen hotuna da kayan marigayi suke tsayawa. Ba laifi. Amma ni dai, dukiyar tana can ciki, ɗakin rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, irin tarin da aka kawo daga Yola na Modibbo Ahmadu Fufore.

Dubi wannan littafin daga cikinsu. Ba a ɗinke yake ba, warƙa-warƙa ne, an haɗa su cikin bangon fata an ɗaure da tsirkiya. Baƙar tawada ga matani, ja ga wasali. Kalli can ƙasan shafi: kalma ɗaya tilo. Ita ce farkon shafi na gaba, don ko iska ta watsa takardun, mai karatu zai mai da kowace wurinta. A gefe kuma ga ɗan ƙaramin rubutun wani almajiri, yana fassara kalma mai wuya da Hausa ko Fulatanci.

Abokan gabarsu gara ce, da danshin damina, da ƙurar hunturu. Shi ya sa ake ɗaukar hotonsu shafi-shafi ana zubawa a kwamfuta. In an miƙo maka, ka wanke hannu tukuna, kuma kada ka lashi yatsa wajen buɗe shafi.