Mai Roƙo Ba Dillali Ba Ne

[Hoto: Sabon Garin Kano, safiyar Lahadi. 'Yan adaidaita sahu suna sauke mutane a bakin majami'a.]

In kana da WhatsApp a garin nan, da wuya irin saƙon nan bai iso ka ba: turo sunanka da damuwarka, haɗa da ɗan abin da ya sawwaƙa, akwai masu addu'a da za su kwana a kanka. Shi ya sa aka yi ta tambayarmu, wai haka addu'ar roƙo take a wurin Kirista?

Mu yi sauri da abin da ba a gardama a kai. Roƙo domin wasu shi ne ka ajiye taka buƙatar, ka ɗauki ta wani ka kai gaban Allah da naciya. Ibrahim ya yi haka saboda birnin Saduma, a littafin Farawa sura 18, yana roƙon kada a hallaka shi in an sami masu adalci a ciki. Ya fara da masu adalci 50, ya sauko 45, 40, 30, 20, har 10. Duk wanda ya taɓa taya atamfa a Kantin Kwari ya gane salon. Musa ya yi, bayan jama'arsa sun ƙera ɗan maraƙin zinariya. Istifanas, ɗaya daga cikin Kiristocin farko, ya yi domin masu jifansa, duwatsu na sauka a kansa.

[Hoto: 'yan Zumuntar Mata sun durƙusa a da'ira; sai cikin cocin Katolika na Fatima, jama'a a tsaye.]

A cocin ECWA za ka tarar ana karanto buƙatu, mara lafiya, mai neman aiki, ɗalibi mai jarrabawa, a raba wa mutane su yi addu'a. A Katolika akwai wurinta a cikin sujada, bayan wa'azi. Wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura 2, ta ce a roƙa domin dukan mutane, har da sarakuna da masu mulki. I, har da wanda ba ka jefa wa ƙuri'a ba.

To, yanzu a rage gudu, don a nan mutane suke zamewa.

[Hoto: kasuwa, mutum uku suna ciniki, na tsakiya yana rada wa wannan, ya juya ya rada wa wancan.]

Kalli na tsakiyar nan. Dillali ne. Abincinsa yana cikin kada mai saye da mai sayarwa su fahimci juna kai tsaye, domin ranar da suka gane hanya, la'ada ta tafi. Da yawa haka suke ɗaukar mai roƙo: wani na kusa da fada, wanda in bai shigar da maganarka ba, ba za a ji ta ba.

Amma a wannan surar dai ta Timoti, aya ta 5, an ce matsakanci tsakanin Allah da mutane ɗaya ne, Yesu Almasihu. Wato a koyarwar Kirista an riga an cike wannan kujerar. Fasto bai zauna a kanta ba, shugabar zumunta ma haka, balle mai lambar asusun banki. Mai yi maka roƙo a gefenka yake, ƙofa ɗaya kuke ƙwanƙwasawa.

[Zane: mutum huɗu ɗauke da shanyayye a kan tabarma.]

Bisharar Markus sura 2. Yesu yana cikin wani gida a Kafarnahum, ƙofa ta cushe. Mutum huɗu suka hau sama da shanyayye, suka buɗe rufin, suka zura shi. Ni dai kullum maigidan nake tausaya wa. Ka yi tunanin a fasa maka rufin soro ana dab da damina. Amma duba aikin mutanen nan: ɗauka suka yi, warkarwa ba tasu ba ce. Ba kuma a rubuta cewa sun tsaya a bakin tsani sun ce a sallame su ba.

Kuɗi fa? Baiko daban, ana bayarwa don aikin ikkilisiya. Sayen addu'a kuwa, a Ayyukan Manzanni sura 8 Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, amsar da manzo Bitrus ya ba shi ba ta da daɗin ji.

Wani ɓangare na ruɗanin, a ganina, daga harshe yake. A bakin maƙwabcinka Musulmi, "ceto" na iya nufin roƙon da za a yi wa mutane ranar alƙiyama. A bakin Kirista Bahaushe, wanda yake da cikakken Littafi Mai Tsarki a harshensa tun 1932, ceto kuɓuta ce daga zunubi, Mai Ceto kuma ɗaya ne. In ka ji an ce wane "mai addu'ar ceto" ne, tambaya me ake nufi.

[Hoto: hannuwa a haɗe, a bar shi ya ɗan daɗe.]

Ba a kuma ba da tabbacin amsar da kake so. Saduma ta ƙone duk da cinikin Ibrahim, Lutu da 'ya'yansa mata biyu ne suka tsira.

Wani lokacin kuma amsar ce take ba masu roƙon mamaki. Ayyukan Manzanni sura 12: sarki Hirudus ya kulle Bitrus, ikkilisiya ta taru a gidan Maryamu uwar Yahaya Markus, ana ta addu'a cikin dare. Sai aka ji bugun ƙofa. Wata yarinya, Roda, ta gane muryar Bitrus, murna ta hana ta buɗewa, ta ruga ciki da labari. Masu addu'ar suka ce mata ta haukace.

[Hoto: ƙofar gida a rufe, ana jin bugu.]

Shi kuwa Bitrus yana waje, yana ta bugawa.