Hanyar da Tawada Ke Bi a Cikin Kan Firinta

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamaina, ɗalibai, da 'yan uwa masu sana'ar buga banna da riguna da na hango a can baya, barkanmu da warhaka.

Duk mai injin buga banna ya san wannan ciwo: ka buga gwaji da safe, ka ga farin layi ya ratsa aikin, sai a ce hed, wato kan firinta, ya toshe. Akan zargi tawada, akan zargi yaron shago. Ni kuwa ina so in nuna muku cewa sau da yawa matsalar tana cikin yadda aka zana hanyar da tawadar ke bi.

Ƙofar da tawada ke fita, wato nozul, ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ɗigon da take fesawa da fikolita ake auna shi, kashi ɗaya cikin tiriliyan na lita. Canon da HP suka bi hanyar zafi: ɗan ƙaramin hita ya ɗumama tawada zuwa wajen digiri 300, kumfa ya tashi ya tura ɗigo waje. Da wannan HP ya fito da firintar ThinkJet a 1984. Epson kuma a 1993 ya zo da Micro Piezo, inda wani sinadari mai lanƙwasa idan lantarki ya taɓa shi ke matse ɗakin tawadar. Ko wanne aka bi, nozul guda kan yi feshi sau dubbai a daƙiƙa ɗaya.

To a tsohon zane, tawada na shiga ta gefe ɗaya, kuma ba ta da mafita sai nozul. Idan ba a feshi, tana tsaye. Bakinta ya fara bushewa, ta yi kauri. Amma abin da ya fi ɓarna shi ne iska. Tawada na ɗauke da iska narkakkiya, kuma wannan matsewa da sakewa da ake yi mata ba ƙaƙƙautawa tana sa ɗan mitsitsin kumfa ya yi ta girma. Ruwa ba ya matsuwa, iska tana matsuwa. Da zarar kumfa ya zauna a ɗakin, duk ƙarfin da ya kamata ya tura ɗigo shi zai shanye, nozul ya yi shiru alhali babu dattin komai a cikinsa. Sai a tsaya a zuƙe tawada da ƙarfi, a zubar da kuɗi a kwalbar shara.

Masu buga riguna, ku kun fi kowa shan wahalar farar tawada. Farinta daga taitaniyam dayoksaid ne, wanda ya ninka ruwa nauyi kusan sau 4. Ku bar ta kawai, za ta kwanta kamar yadda gasara ke kwanciya a gindin bokiti.

A 2007 kamfanin Xaar na Kambirij a Ingila ya fito da kan da ya kira Xaar 1001. Aka buɗe wa tawada ƙofa ta biyu: tana shiga, ta ratsa daidai bayan nozul, ta koma tanki, ana bugu ko ba a yi. Kumfa ko ƙura da ta shigo, gudun tawadar zai kwashe ta zuwa matata. Masana'antun tayil na Sifaniya da Italiya suka rungume shi, don a wurinsu tayil sau ɗaya yake wucewa ƙarƙashin kan, nozul guda ya mutu kuwa layi zai bi duk abin da ya wuce.

A nan ina roƙonku ku kula. Idan dila ya ce muku injinsa yana zagaya farar tawada, ku tambaye shi: har ina? A ƙananan injunan riguna da yawa, zagayen a tanki da tiyo ya tsaya, cikin kan kuwa tawada na nan a tsaye. Yana da amfani, amma bai kai wanda ke bi ta bayan nozul ba, kuma bai kamata a saye shi da wancan tsammani ba.

Ɗalibai, ga inda aikin injiniya yake. A bakin kowane nozul dole tawada ta ɗan lotsa ciki, da matsin da ya gaza na iskar waje kaɗan. Ya yi sama, ta ɗiga a kan aiki. Ya yi ƙasa da yawa, nozul ya haɗiyi iska. Yanzu kuma ga famfo yana turawa ta nan, ana ja ta can, nozul yana tsakiya. Dokar Fuwazoi, wadda ta shafi gudun ruwa a bututu, ta ce idan ka rage faɗin bututu da rabi, turjiyarsa ta ninka sau 16. Ke nan kuskure kaɗan a faɗin hanya zai sa nozul na farkon layi da na ƙarshe su ga matsi daban, ɗigonsu ya bambanta, ido ya gani a takarda. Shi ya sa ake faɗaɗa babbar hanyar shiga da ta fita, a bar ƙunci ga gajerun hanyoyin da ke jere kafaɗa da kafaɗa. Kowace kusurwa mai kaifi kuma maɓoya ce ga kumfa da laka, sai an lanƙwasa ta. Bugun famfon kansa ma sai an tausasa shi kafin ya isa kan. Akwai ribar zafi: tawada na tsinkewa idan ta ɗumama, gudun nan kuwa yana daidaita zafin kan daga wannan gefe zuwa wancan.

Waɗanda suka zana waɗannan kawuna sun ɗauka lantarki ba ya yankewa. Mu idan an ɗauke wuta famfo ya tsaya, farar tawada ta fara kwanciya, ga hunturu da busasshiyar iska da ƙura suna jiran nozul. Don haka mai irin wannan inji ya ware wa famfon zagaye batir da inbata nasa, wutar da yake ci ba ta da yawa, ya kuma tabbatar kan ya koma mazauninsa ya rufu kafin a kashe janareta.

Masu tambaya, bismillah.