Abin da na gani a jikin motar Williams

Assalamu alaikum jama'a. Yau ina Grove, wani ƙauye a yankin Oxford na ƙasar Ingila, inda kamfanin tseren motoci na Williams yake ajiye tsofaffin motocinsa, kuma har yanzu mamaki bai sake ni ba. Ina shiga zauren sai idona ya faɗa kan wata farar mota mai ratsin kore, tayoyinta huɗu a waje babu abin da ya rufe su, mazaunin direba ɗaya tal, a jikinta kuma an rubuta Saudia ɓaro-ɓaro. Ashe kamfanin jirgin da ya ɗauke ni daga Kano zuwa Jidda shekarar da na je umara yana cikin waɗanda suka zuba kuɗi a motar da Alan Jones ya lashe gasar duniya ta Formula 1 da ita a 1980. Na daɗe tsaye a gabanta, domin fari da koren nan sai da suka tuna mini tutarmu.

Wanda ya kafa kamfanin, Frank Williams, ya sha talauci kafin Larabawa su kama masa. An taɓa yanke masa layin tarho saboda bashi, ya koma yana ƙulla harkokinsa a rumfar tarho ta bakin titi. A 1977 shi da injiniya Patrick Head suka sake sabon lale a wani tsohon ɗakin ajiyar dardumai a Didcot, garin da na sauka daga jirgin ƙasa ɗazu, inda tasi ta cinye mini fam ashirin da biyar. Shekara biyu kacal bayan haka direbansu Clay Regazzoni ya zo na ɗaya a tseren Silverstone na Ingila. Daga 1980 zuwa 1997 sun ɗauki kambun kamfanoni sau 9, na direbobi sau 7.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne hoton Frank a kan keken guragu. A 1986 ya yi hatsarin mota a kudancin Faransa, ya samu rauni a laka, bai sake taka ƙafarsa ba har ya bar duniya a 2021, amma a kan keken nan ya jagoranci kamfanin a shekarun da ya fi ƙarfi, zamanin direbobi irin su Nigel Mansell da Alain Prost. A cikin motarsu kuma direba Ayrton Senna ya yi hatsarin da ya zama ajalinsa a filin tseren Imola na Italiya ranar 1 ga Mayu 1994.

Bayan 1997 sai harka ta yi ta ja da baya, kuɗi suka yi ƙasa, har iyalin suka sayar da kamfanin ga masu zuba jari na Amurka a 2020. A ganina da aka bar sunan Williams an kyauta, amma gidan ya riga ya fita daga hannun masu shi.

Wanda zai zo, ya nemi izinin shiga ta intanet tun daga gida, kuma kada ya yi gangancin da na yi na hawa tasi, domin akwai bas daga Didcot. Ita zan je in jira yanzu, kafin ruwan nan ya sauko.