Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kano, Daga Kwamitin Lafiya Na Mazaɓarmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai Girma Kwamishinan Lafiya, ranka ya daɗe. Mai Girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Shugaban ƙaramar hukuma, dagatai da masu unguwanni, limamanmu, likitoci da jami'an da suka rako baƙonmu, ma'aikatan wannan asibiti, iyayenmu mata da suke zaune tun hantsi da goyo a baya, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin kwamitin lafiya na wannan mazaɓa da dukan jama'ar ƙauyukan da suke shan magani a nan, ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Mun san hanyar da ka biyo, mun san yadda damina take mayar da ita, don haka ba mu ɗauki zuwan nan da wasa ba. Rumfarmu ƙarama ce, kujerun ma na makarantar firamare muka aro, amma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ita kam ka same ta.

Ranka ya daɗe, a makon jiya kwamiti ya zauna a kan abin da za mu faɗa maka. Aka kawo maganar rijiyar burtsatse, aka kawo ta rufin ɗakin haihuwa, aka kawo ta hasken sola. Duk mun rubuta su, takardar tana hannun sakatare, zai miƙa maka. Amma da aka tambayi matan da suke cikin kwamiti, sai suka ce tunda ziyararka ta faɗo kusa da 19 ga Yuni, ranar da duniya ta ware domin masu amosanin jini, wato sikila, a tsaya a kan wannan kaɗai, a yi maganar har ta shiga. Suka ce ni zan yi, saboda sun san abin da ya faru a gidana.

Ɗana na fari shekararsa uku ya rasu. Tun yana wata bakwai bayan hannunsa da na ƙafarsa suke kumbura, ya kwana yana kuka, idonsa ya yi ɗorawa. Aka ce shawara ce, aka ce sanyin ƙashi ne. Mun sha jiƙo, mun sha allurai a wani kemis, ba wanda ya ce mana a duba jininsa. Wani dare zazzaɓi ya rufe shi, kafin asuba ya cika. Da ƙanensa ya bi bayansa, sai dangi suka fara cewa wabi matata take yi, maganar da har yau ba ta bar zuciyarta ba. 'Yarmu ta uku ce ta bayyana mana gaskiyar lamarin, ita ma sai da ta kai shekara bakwai, ranar da ta tashi daga barci hannunta na dama ba ya ɗaguwa, bakinta ya karkace. A birni aka gwada ta, aka ce SS ce, wato tana da sikila, aka gwada mu, ni AS, uwarta AS, wato muna ɗauke da gadon ciwon ba tare da ya kama mu ba. Tana raye, alhamdu lillahi, tana jan ƙafa, kuma ga ta can zaune a layi na biyu. Ni malamin makaranta ne, shekara talatin ina koyarwa, amma sai da na binne 'ya'ya biyu na san sunan abin da ya kashe su.

Tun daga lokacin nake bin duk abin da likitoci suka gano game da wannan ciwo. Ka fi ni saninsa nesa ba kusa ba, amma ka yi mini izini in maimaita saboda jama'ar da suke saurare.

A 1910 wani likita a birnin Shikago na Amurka, James Herrick, ya ba da bayanin jinin wani ɗalibi baƙar fata da aka ga ƙwayoyinsa sun lanƙwashe kamar lauje. Kalmar sikila da muke faɗa daga sunan lauje da Turanci ta fito. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120 tana aiki, mai siffar lauje kuwa da ƙyar take wuce kwana 20, shi ya sa jinin yaron kullum a ƙasa yake. Idan kuma suka cunkushe a ƙananan jijiyoyi, sai ciwon ƙashin nan ya tashi wanda babba ma yake yi wa kuka. Gadonsa ake yi daga uwa da uba tare, ba daga uwa kaɗai ba, ina so surukai su ji wannan da kyau. Idan AS ya auri AS, kowane ciki da aka ɗauka yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma kowane ciki lissafinsa daban, shi ya sa gida ɗaya zai samu uku a jere kamar nawa, wani gidan bai samu ko ɗaya ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da ciwon duk shekara a ƙasar nan, adadin da babu ƙasar da ta kai shi. Masana sun ƙiyasta cewa a Afirka, inda ba a gano shi da wuri, rabin waɗannan yara ko fiye ba sa kaiwa shekara biyar. A Ingila da Amurka, inda ake gwada kowane jariri, fiye da kashi 90 cikin 100 suna girma.

Abin da ya raba mu da su ya fara ne daga sani da wuri. Jaririn da yake da sikila lafiya lau ake haihuwarsa, domin jinin da ya fito da shi daga ciki yana kare shi na 'yan watanni. Kafin uwa ta ga alama, saifarsa ta fara lalacewa, ita ce kuwa mai tace ƙwayoyin cuta daga jini, shi ya sa zazzaɓin dare ɗaya yake ɗauke su. Tun 1986 wani bincike a Amurka ya nuna cewa ba irin waɗannan yara fenisilin kullum yana rage mugun ciwon da ƙwayar nimoniya take jawowa a jini da kashi 84 cikin 100. Fenisilin fa, ranka ya daɗe, maganin da kowane kemis yake da shi. Amma ba za a ba yaron da ba a san yana da ciwon ba.

A da uzurinmu shi ne gwajin yana buƙatar na'ura da wutar lantarki da ƙwararren ɗakin gwaji. Yanzu an samar da 'yan tsinkayen gwaji irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN, masu kama da na gwajin maleriya da ma'aikatanmu suke yi kullum a ɗakin can. Ɗigon jini ɗaya daga dunduniyar jariri, cikin kamar minti goma a san AA ne, AS ne, ko SS, ba wuta, ba firiji. Kuma a ƙasar nan aka tabbatar za su yi aiki a asibiti irin namu. Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da abokan aikinta sun kai gwajin ƙananan asibitoci biyar a Gwagwalada, suka haɗa shi da ranar rigakafi, suka gwada jarirai 3,603, suka samu 51 masu SS. An buga sakamakon a mujallar Lancet Haematology a 2020. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ba su ƙirƙiro wata sabuwar rana ba. Uwa dama za ta kawo ɗanta allurar BCG, ma'aikaciya dama tana riƙe da shi, sai a ɗiga jinin a nan take.

Bincike na biyu shi ne wanda nake karantawa hawaye na zubo mini, domin da ya riski 'yata, watakila da yau da ƙafarta biyu take tafiya daidai. Idan ba a yi komai ba, kusan ɗaya cikin goma na yaran SS yana gamuwa da shanyewar ɓarin jiki kafin ya shekara ashirin. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kan yaro, tsakanin ido da kunne, ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba allura, ba zafi. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana bakin haɗari. A ƙasashen masu hali, ƙarin jini ake yi wa irin wannan yaro kusan duk wata, abin da kowa a nan ya san ba zai yiwu mana ba, mu da muke neman leda ɗaya da kuka. Sai likitocinmu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, da na Barau Dikko a Kaduna, irin su Shehu Umar Abdullahi da Najibah Galadanci, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a madadinsa. Yara 220 suka shiga binciken, aka buga shi a 2022, kuma ya nuna cewa ƙwayar nan da ake haɗiya sau ɗaya a rana tana kare su, har ma da ƙaramin awo. A Kano da Kaduna aka yi wannan aiki, da 'ya'yan Kano da na Kaduna, yau likitocin wasu ƙasashe suna koyi da shi. Abin alfahari ne ga jiharmu, ina kuma roƙon ka isar da godiyarmu ga waɗannan bayin Allah.

To amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga nan zuwa inda na'urar take, uwa za ta hau babur zuwa bakin titi, ta hau mota, ta bar sauran yara da girki, ta kwana a gidan 'yan uwa idan layi bai zo kanta ba. Kuɗin motar kaɗai ya kai kwanon gero da yawa. Mafi yawansu sau ɗaya suke zuwa, wasu ba sa zuwa sam, kuma ba rashin son 'ya'yansu ba ne. Mun ji a ƙarshen 2023 an amince a Birtaniya da Amurka da maganin Casgevy mai gyara ƙwayar halitta, wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu ga mutum ɗaya. Muna yi wa masu iya saye murna. Mu abin da muke nema tsinken gwaji ne na kimanin dala biyu a kan teburin rigakafinmu na ranar Talata.

Wannan shi ne roƙonmu na farko, kuma shi ne babba: a sa asibitinmu cikin wuraren da za a riƙa gwada kowane jariri, a horar da ma'aikatanmu biyu, kada kuma tsinkayen su yanke bayan wata uku. Sai dai ina jin tsoron abu ɗaya, zan kuma faɗe shi a gabanka. Idan aka gaya wa uwa ɗanta SS ne, aka sallame ta hannu rabbana, an ƙara mata nauyi ne kawai, watakila ma an ba dangin miji abin gori. Gwajin ya zo da fenisilin, da folik asid, da maganin kariyar maleriya da gidan sauro, da littafin da za a rubuta sunan yaron a riƙa bibiyarsa. A koya wa uwar yadda za ta taɓa cikinsa ta ji ko saifa ta kumbura, a gaya mata zazzaɓi ko na tsakar dare ne ba a jiran gari ya waye. Na'urar auna jijiyoyin kai kuwa ba mu ce a ajiye mana ita ba. Ana iya ɗaukarta a jaka, kuma a Kaduna an riga an koya wa ma'aikatan jinya aiki da ita. A riƙa kawo ta babban asibitin ƙaramar hukuma ko sau biyu a shekara, mu za mu tara yaran, mu biya kuɗin man da za a kai su.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, kuma jiharmu tana da hukumar taimakekeniyar lafiya. Muna roƙon duk yaron da aka gano yana da sikila a yi masa rajista cikin marasa galihu kai tsaye, tun daga ranar da aka gano, domin haidiroksiyuriya magani ne na kullum, manomi ba zai jure sayensa shekara da shekaru ba.

Muna yaba wa gwamnati kan dokar gwaji kafin aure da Mai Girma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024, wadda ta haɗa da sikila da ciwon hanta da ƙanjamau. Limamanmu ga su nan, sun karɓe ta, suna neman takarda kafin su ɗaura. Abin da suka ce in faɗa maka shi ne gwajin yana zuwa a makare, bayan an kai lefe an sa rana, lokacin da rabuwa ta yi wuya. Da ana yin sa a nan, cikin sauƙi, tun yara suna makarantar sakandare, da kowa ya san jininsa kafin zuciya ta kamu. Dokar kuma 'ya'yan gobe take karewa, waɗanda aka riga aka haifa suna nan a bayan iyayensu a wannan rumfa.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. Jama'a sun yi karo-karo sun gyara ɗaki ɗaya da za a riƙa gwajin a ciki. Ungozomomi da wanzamai, waɗanda su ne suke fara ganin jariri kafin ranar suna, sun yi alkawarin turo kowace mai jego. Masu unguwanni za su riƙa ba mu sunan duk gidan da aka haihu. Ni kuma na ɗauki nauyin zama da mazajen da sakamakon 'ya'yansu ya fito SS, saboda na san abin da uba yake ji a ranar, na kuma san maganar da take fitowa daga bakinsa ga matarsa idan ba a yi masa bayani ba.

Ranka ya daɗe, gani ya kori ji. Idan an tashi daga nan, muna roƙon ka taka ka ga ɗakin, sannan akwai iyaye mata goma sha ɗaya da suka zo da 'ya'yansu masu wannan ciwo, suna son su gaisa da kai su yi maka magana da bakinsu. Bayan nan mata sun dama fura, kada ka tafi ba ka sha ba.

Allah ya saka da alheri, ya yi riƙo da hannunka a wannan aiki, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.