Batirin derayar keke mara waya: mi ya sa kamfanoni ke kokawa a kanshi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau kan keke za mu tsaya, keken tsere irin wanda samarinmu ke fita da shi da asuba su ƙetare gadar Kennedy su kama hanyar Say kafin rana ta buɗe. Ku dubi wannan ɗan abin da ke tafin hannuna, bai kai akwatin ashana ba, nauyinshi wajen giram 25 ne, to shi ne batirin derayar, wato abin nan da ke tura sarƙa daga wannan haƙori zuwa wancan in za ka canza bites. A kan wannan ɗan abin manyan kamfanoni suka shekara goma suna ja-in-ja, kuma wallahi maganar ta fi shafarmu mu da ke nan Yamai fiye da Turawan da aka yi kayan dominsu.

Da can kabul ne, ka danna a gidon, wato kan keke inda kake riƙewa, wayar ƙarfe ta ja derayar, in ta tsinke ka je wajen mai gyara a Katako ya sa maka wata. A 2009 Shimano, kamfanin Japan da ke birnin Sakai tun 1921, ya fito da Di2 inda ɗan injin lantarki ne ke tura sarƙar, amma komi da wayar lantarki a haɗe da batiri guda. Campagnolo na Italiya ya biyo da nashi EPS a 2011. Sai a 2015 SRAM na Shikago a Amurka ya zo da eTap, babu waya ko ɗaya, derayar gaba da batirinta, ta baya da nata, kuma duk iri ɗaya ne, ka ɗaga ɗan makulli da yatsa ya fito. A gidon kuma ƴar pil ce CR2032 irin ta makullin mota da ake samu wajen masu gyaran agogo. A 2019 suka sabunta tsarin suka kira shi AXS amma siffar batirin ba ta canza ba, wannan kam na yaba masu.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Wata Lahadi mun fita mu shidda, wani ƙanenmu da daddare an ɗauke kuran a unguwarsu bai samu ya yi caji ba, muna cikin dawowa iska na bugunmu ta gaba sai ƴar fitilar derayar baya ta fara ƙifta ja, can sai ta tsaya cak, ga shi kan bites mai nauyi. Ya ce "yaya, na shiga uku, haka zan tuƙa har gida?" Babbanmu ya ce mashi sauka, ya duƙa ya cire batirin gaba, ya hure ƙurar da ta taru a bakin ƙarfen da bakinshi, ya goge da gefen riga, ya maƙala a baya, ƙat. Ko minti ɗaya ba a yi ba yaro ya hau yana canza bites ɗinshi, gaba ta tsaya a faranti guda amma wa ya damu, ya kai gida.

To a Shimano abin ya bambanta. A 2021 da suka fito da kayansu na keken tsere, Dura-Ace da Ultegra, masu bites 12 sun cire waya tsakanin gidon da derayar, amma derayoyin biyu har yanzu da waya suke shan wuta daga dogon batiri guda da ke ɓoye cikin sandar sirdi. Gaskiya yana daɗewa, suna cewa wajen kilomita 1000 kan caji guda, alhali na SRAM wajen awa 60 na tuƙi ne, kuma in ya kusa ƙarewa derayar gaba ce ke fara tsayawa don ta bar ma ta baya sauran wuta, dabara ce mai kyau ban raina ba. Sai dai caji sai ka jawo keken gaba ɗaya kusa da bango, ba za ka sa batirin a aljihu ka kai shagon mai cajin salula ba, kuma ranar da ya mutu sai an zare sandar sirdi an yi ta lalube.

Mi ya hana sauran su kwafi SRAM kai tsaye? Babban dalili takardun haƙƙin ƙirƙira ne, SRAM ya yi rajistar dabaru da yawa a wannan fannin, dole kowa ya nemi hanyar da zai kewaye. Campagnolo ya fito da Super Record mara waya a 2023, batirinshi na cirewa amma na gaba daban na baya daban, kenan dabarar da ta ceci ƙanenmu ba ta yiwuwa. Shimano kuwa sai a 2025 ya kawo XTR mara waya kwata-kwata na keken dutse, batirin na cikin jikin derayar ƙarƙashin murfi kuma kana iya cire shi, sannan XT da Deore suka biyo. Ga kuma ƴan Sin sun shigo da araha, Wheeltop da L-Twoo, shi L-Twoo eRX ma ƙananan batira guda biyu masu lamba 14500 yake ci a cikin sandar sirdi, irin wanda ba na kamfani ɗaya ba ne, kuma ni wannan tunanin ya fi kwanta mani a rai ko da sauran aikin bai kai na manya ba.

Don mi nake ta nanata cirewa? Don zafi. Batirin litiyom ba ya shiri da zafi, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu digiri 40 wasa ne, keken da ya wuni a rana batirinshi zai tsufa da wuri. Ni na taɓa sayen wata derayar ta hannu da batirinta a rufe cikin jiki, wata bakwai ta yi mani ta fara riƙe caji kwana biyu kawai, injin lafiya lau, haƙora lafiya lau, amma na rasa wanda zai buɗe ta ba tare da ya fasa ba, tana nan cikin kwali har yau kuma abin na ci mani rai. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 da ke cewa daga Fabrairun 2027 yawancin na'urori dole mai su ya iya canza batirinsu da kanshi, ina fata hakan ya ƙara matsa masu, tunda kayan da ke iso mana galibi ta can suke biyowa.

Abin da har yanzu ke ɓata mani rai shi ne kowane kamfani da siffar nashi, na SRAM ba ya shiga Shimano, na Shimano ba ya shiga Campagnolo, sharjar ma kowa da tashi, ka saya ka zama nasu kenan. Don haka in za ka sayi keke na hannu ɗan'uwa, ka sa a cire batirin a gabanka, ka duba ko ya kumbura ko bakin ƙarfen ya yi tsatsa, ka tabbata an haɗo maka da sharjar, in akwai mai zuwa daga waje ka ba shi saƙon guda na ajiya. In kuma za ka ɗora keken SRAM a saman mota zuwa Tawa ka cire batiran ka sa a jaka, don girgizar hanya na tada derayar daga barci ta yi ta shan wuta har ku isa.