Jawabin Maraba ga Baƙonmu Shehin Malamin Kimiyyar Jijiyoyi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma baƙonmu shehin malami, shugaban tsangaya, 'yan'uwana malamai da ɗalibai. A madadin wannan sashe nake yi maka lale marhabin, ranka ya daɗe, Allah ya sa gajiyar hanya ta bi lafiya.

Mun daɗe muna ɗokin zuwanka saboda fannin da ka ƙware a kai, wato sunadaran furotin da ke manna ƙwayoyin halitta da juna, waɗanda in babu su ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 da ke cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba za su san inda za su zauna ba, balle wanda za su haɗu da shi. A shekarun 1970 Gerald Edelman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka gano NCAM, ɗaya daga cikin waɗannan sunadarai masu mannawa, Masatoshi Takeichi na Japan kuma ya bayyana dangin kadherin, waɗanda ba sa riƙewa sai da kalsiyam. Tun ɗan tayi yana makonninsa na farko, ƙwayoyin da za su zama ƙwaƙwalwa da laka suke barin kadherin nau'in E su ɗauki nau'in N, da haka suke rabuwa da waɗanda za su zama fata.

Abin da na fi so ɗalibanmu su ji daga bakinka shi ne cewa sassauta riƙo yana da muhimmanci daidai da riƙon kansa. Jiki yakan rataya wa NCAM wata doguwar sarƙa ta sukari mai suna PSA, wadda ke buɗe tazara tsakanin ƙwayoyi har su sami damar yin ƙaura da miƙa rassansu. Tana da yawa a ƙwaƙwalwar ɗan tayi, ta ragu ƙwarai bayan girma, amma ba ta ɓacewa a sashen hifokamfus, inda ake ƙulla sabon abin tunawa. A ganina nan ne fannin ya fi ƙayatarwa, domin abin da ya gina ƙwaƙwalwa shi ne yake ba ta damar ci gaba da koyo. Wannan sarƙa ce kuma ta lulluɓe nau'in B na ƙwayar cutar sanƙarau, shi ya sa garkuwar jiki ba ta ɗaukarta baƙuwa, aka sha wahala kafin a samar da rigakafinsa, ko da yake nau'in A ne ya fi addabar yankinmu a baya.

Likitocinmu na yara ma suna da tambayoyi. Sun san cewa tangarɗa a ƙwayar gadon da ke samar da furotin mai mannawa na L1, wadda ke kan kuromosom X, tana haddasa taruwar ruwa a kan jarirai maza, sai dai yawancin jariran da iyaye ke kawo mana da kumburarren kai da jijiyoyin goshi a tashe, cutar da ta kama ƙwaƙwalwa bayan haihuwa ce sanadi, kuma suna son jin yadda za a bambance su a inda gwajin gado ya yi ƙaranci. Akwai kuma batun niyuroligin, furotin da ke manna ƙwayoyin jijiya a mahaɗarsu, da aka danganta sauyinsa da lalurar galahanga (autism) a 2003.

Ranka ya daɗe, zaure ya cika, kunnuwa na gare ka. Bismillah.