Gajiyar Aikin Dare da Barcin Ma'aikaciyar Jinya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. 'Yan'uwana ma'aikatan jinya, da iyaye da magidanta da suka halarci wannan zama, maganata a yau a kan gajiyar aikin dare ce da yadda jiki ke warwarewa daga gare ta.

Allah Ya sanya wa ƙwaƙwalwar ɗan Adam wani agogo mai zagayen sa'o'i 24 wanda haske ke saita shi, kuma binciken yadda agogon nan ke aiki ne ya sa masana uku 'yan Amurka suka samu kyautar Nobel a shekarar 2017. Idan duhu ya yi, jiki yakan saki sinadarin melatonin mai jawo barci, wajen ƙarfe 4 na asuba kuma zafin jiki yakan yi ƙasa. Duk wadda ta taɓa kwana a ɗakin haihuwa na Asibitin Murtala ta san wannan lokaci, sa'ad da ido kan yi nauyi alhali tana tsaye tana ƙirga ɗigon ruwan da aka ɗaura wa mai jego.

Da safe ta miƙa aiki, ta hau adaidaita sahu rana tana dukan idonta, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka lokacin tashi ne ya yi. Don haka baƙin gilashi a hanya yana da amfani, haka ma labule mai kauri a ɗaki. Goro da shayi da kofi kuwa a bar su tun tsakar dare, domin rabin sinadarin da ke hana barci a cikinsu yana nan a jini bayan kimanin sa'o'i 5. Ta sha koko ko kunu, ta watsa ruwa, musamman a watan Afrilu da zafin Kano kan haura digiri 40, sannan ta kashe ƙarar waya.

Inda aka fi samun cikas, a ganina, cikin gida ne. Gidan Bahaushe ba a rufe shi da rana: maƙwabciya ta yi sallama tana neman aron turmi, almajiri ya yi bara, yara su dawo daga makaranta, wata kuma ta kawo ɗanta mai zazzaɓi tunda nas tana gida. Wadda aka samu kwance da hantsi sai a ce raguwa ce, alhali babban mutum yana bukatar barcin sa'o'i 7 zuwa sama. Maigida, kai ne za ka tsaya mata a bakin ƙofa. Idan barcin bai samu a lokaci guda ba, ta raba shi biyu, ta kwanta har Azahar, ta ƙara kaɗan kafin ta koma asibiti.

Ranar da ta gama jerin kwanakin dare kuwa, ta taƙaita barcin safe, ta tashi da Azahar ta shiga cikin mutane, domin barci ya ɗauke ta bayan Isha'i.